Kundin gwajin ThinkPad X1 Carbon tsakanin Dawanau da kasuwannin Jigawa

8 ga Fabrairu, 2025

Aikin da Alhaji ya ɗora mini bana shi ne in kwashe lissafin kamfaninmu daga littattafan takarda in mayar da shi cikin kwamfuta, tun daga sayen riɗi da zoɓo a kasuwannin ƙauye har zuwa lodin tirela a sitonmu na Dawanau. Mu uku ne ke riƙe da lissafi: ni, da magatakardan sito, da yaron da ke bin masu saye zuwa Jigawa. An tsayar da shawara a fara saya mini kwamfuta ɗaya, in yi aiki da ita bazara da damina da kaka, in ta yi, sai a saya wa sauran biyun irinta. Wannan kundin na buɗe shi ne don in riƙa rubuta abin da na gani a kan lokaci, ranar da za a tambaye ni ya zama akwai abin da zan nuna.

Wadda na zaɓa ita ce Lenovo ThinkPad X1 Carbon, zubi na 9, wanda ya fito a 2021. Ta hannu ce, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke sallamarwa bayan ma'aikatansu sun yi 'yan shekaru da su, 'yan kasuwa su kwaso zuwa Legas da Kano. Firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, Intel Core i5-1135G7 ce, RAM, inda take riƙe aikin da ke buɗe, gigabait 16, ma'ajiyar fayiloli SSD mai gigabait 256. Allonta inci 14 ne mai 1920 da 1200, wato ya ɗan fi na yau da kullum tsayi, abin da ke ƙara layukan Excel da ido zai gani ba tare da an ja shafi ba. Batirinta tana sabuwa wat-awa 57 ne, wato ma'aunin wutar da yake ɗauka.

Na daɗe a shagon kafin in biya, har mai shagon ya ce, "Yallaɓai, ai ko mota za ka saya iyaka ke nan." Abin da na duba na farko shi ne BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi: a kunna, a danna F1, a ga ko za ta nemi kalmar sirri. ThinkPad ɗin da tsohon kamfaninta ya sa wa kalmar sirrin mai kulawa, in ba a san kalmar ba, maganin da Lenovo ke bayarwa shi ne sauya babban allon ciki gaba ɗaya, kuma wannan ya kusa kuɗin wata kwamfutar. Na biyu, na sa ya goge Windows ya sake zubawa a gabana, muka haɗa ta da intanet, don in tabbatar ba za ta fito da sunan wani kamfanin waje tana neman ma'aikacinsu ya shiga ba. Akwai waɗanda ke zuwa a ɗaure haka, sai mutum ya kai gida ya gane. Na uku, na duba tsarin madannai. Da yawa daga cikin na hannu daga Jamus ko Faransa suke, Z na zaune a mazaunin Y, ko A a mazaunin Q. Tawa tsarin Ingila ce.

Na huɗu, wanda na fi ba wa muhimmanci, shi ne batir. A Windows akwai umarnin powercfg /batteryreport, yana fitar da takarda mai nuna abin da aka ƙera batirin ya ɗauka da abin da yake iya ɗauka yanzu. Akwai kwamfutoci biyu irinta a shagon, ɗaya mai firosesa i7 ce, wadda ke gaba da i5, mai batirin da ya zube ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, ɗaya kuma wannan i5 ɗin mai wat-awa 49, wato wajen kashi 86. Mai shagon ya yi ta tura ni ga i7 ɗin. Na ɗauki i5. Dukansu ƙwayoyin aiki huɗu gare su a cikin firosesa, bambancin gudunsu ba zai bayyana a lissafin buhuna ba, amma bambancin batirin zai bayyana duk ranar da aka ɗauke wuta.

15 ga Fabrairu

Lenovo ta rubuta cewa nauyin wannan zubin yana farawa daga kilo 1.13. Na ɗora tawa a ƙaramin sikelin da muke auna samfurin riɗi, ta ba ni abin da bai yi nisa da haka ba. Ga wanda bai saba da kilo ba, ba ta kai nauyin rabin kwanon gero ba. Murfin na zaren kabon ne, gindin kuma haɗin maganisiyam, shi ya sa ba ta da nauyi kuma ba ta lanƙwasa in an ɗauke ta ta kusurwa ɗaya da hannu guda.

Amma nauyin da kafaɗa ke ji na jaka ne gaba ɗaya. Tsohuwar kwamfutar ofis mai inci 15.6 ta haura kilo biyu, cajarta mai tubali da igiyoyi biyu ta ƙara kusan rabin kilo, ga cajar waya daban, ga littafin lissafi mai bangon kwali. Yanzu cajar kwamfutar mai wat 65 ce ta USB-C, ita ce kuma ke cajin wayata, littafin ya koma durowa. Daga Kurna zuwa Dawanau a adaidaita sahu, jakar tana kan cinyata, ba sai na roƙi na kusa da ni ya muskuta ba. Cikin kasuwa kuwa, inda ake ratsa tsakanin 'yan dako da motoci daga wannan sito zuwa wancan, nan na fi jin bambancin. Da can in dillali ya kira ni duba kaya, a ofis nake barin kwamfuta, in rubuta a takarda, da yamma in shigar. Wannan shigarwar ta yamma ita ce ƙofar da kuskure ke shigowa lissafinmu, domin lamba 7 da aka rubuta a tsaye kan buhu takan koma 1. Satin nan da kwamfutar nake zuwa, in ɗora ta kan buhu, in shigar da nauyi a gaban mai kaya yana gani.

Wannan shi ne amfanin rashin nauyin a wurina. Kwamfutar da ake iya ɗauka ba tare da an yi shawara da zuciya ba, ita ce ke zuwa inda aikin yake.

9 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, aiki ya koma daga safe zuwa la'asar, wuta kuma ba ta da tabbas, janareta ba ma tayar da shi sai za a yi amfani da injin tace riɗi. Don haka batirin ya sha gwaji ba tare da na shirya masa ba.

In aikin Excel ne da Word da buɗe takardun PDF, haske a rabi, intanet ta hotsifot ɗin waya, tana kai ni wajen awa bakwai. Lissafin a fili yake: irin wannan aikin yana jan kusan wat 7, batirin kuma 49 yake ɗauka. In na rage haske na kashe intanet, tana ɗan haura haka. Da batirin sabo ne, da awa takwas ba za ta gagara ba.

Abin da ke shanye shi da gaske kiran bidiyo ne. Ranar da muka yi doguwar magana ta Zoom da mai sayen kayanmu na Legas a kan tsaftar zoɓo, kyamara a kunne, ina nuna masa hotunan samfur, sai na ga ma'aunin batir yana sauka ninki biyu na yadda na saba gani. A wannan yanayin awa uku da rabi ne iyakarta. Kyamarar ma ba ta da wani kyau na a zo a gani, 720p ce, a ɗaki mai duhu fuska takan yi dishi-dishi, amma ana gane mutum, muryar kuwa tana fita tas. Akwai ɗan murfi da ake turawa a rufe kyamarar, wanda nake so ƙwarai.

Na biyu a cin batir shi ne haske. A bakin sito, inda rana ke dukan farin siminti, dole a ƙure hasken kafin a ga lambobi, kuma hakan yana cinye fiye da awa ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Allon ba mai sheƙi ba ne, wannan ya taimaka, ba ya mayar wa mutum da fuskarsa. Na uku shi ne burauza mai shafuka da yawa a buɗe, musamman WhatsApp na kwamfuta, wanda dillalai ke turo bidiyon kaya ta cikinsa ba dare ba rana.

Caji kuwa yana da sauri. Lenovo ta ce cajar wat 65 tana kai batirin kashi 80 cikin awa ɗaya in kwamfutar na kashe, kuma abin da na gani bai saɓa wa hakan ba. A garin da wuta kan zo ta yi awa ɗaya ta koma, wannan saurin ya fi mini wasu abubuwa da yawa da ake tallatawa. Da an tayar da janareta don injin, sai in soka ta, kafin a gama tace buhunan ranar ta ɗauki abin da zai kai ni la'asar.

22 ga Maris

Na shiga manhajar Lenovo Vantage na sa iyakar caji: ta tsaya a kashi 80. Batirin litiyam abu biyu ne ke tsufar da shi da wuri, zafi da zama a cike maƙil, mu kuwa zafin ba yadda za mu yi da shi, sai mu rage ɗayan. Ranar da zan yi tafiya nakan cire iyakar tun dare ta cika. Na kuma saita ta yadda in na rufe murfi za ta adana aiki ta mutu gaba ɗaya, maimakon ɗan gyangyaɗin da kwamfutocin yanzu ke yi suna shan batir a cikin jaka. Tashinta yakan ƙara 'yan daƙiƙoƙi, na yarda da wannan.

19 ga Afrilu

Zafin Kano ya kai inda yake kaiwa. Littafin da ke bayanin ThinkPad ya ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35, mu kuma da azahar muna haura 40, ofishinmu rufin kwano ne. Wato watan nan gaba ɗaya a wajen iyakar da aka ƙera ta nake aiki da ita, don haka abin da zan faɗa a nan ba laifinta ba ne, yanayinmu ne.

Babban fayil ɗinmu yanzu ya ƙunshi sayayyar shekaru uku da na gama shigarwa: rana, kasuwa, sunan dillali, adadin buhu, nauyi kafin tacewa da bayanta, kuɗin dako, kuɗin mota, la'ada. Layuka dubbai ne masu yawa, ga ƙa'idojin da ke janyo farashi daga wani shafi zuwa wani. Da safe in na sauya lamba ɗaya, kafin in ɗaga yatsa ta gama sake lissafi. Da rana tsaka, in fayil ɗin yana buɗe, ga burauza, ga Zoom, sai fankokin biyu su tashi, gindinta ya yi ɗumi sosai ta wajen bayan, a kuma ji ta ɗan ja ƙafa. Dalilin sananne ne. Wannan firosesar tana iya hawa har gigahaz 4.2, amma na ɗan lokaci ne, da zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace. Jiki siriri ba shi da wurin ajiye zafi, iskar da fanka ke ja kuma ita kanta mai zafi ce.

Abubuwa biyu sun taimaka. Iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta baya, wajen maƙalar murfi, saboda haka ɗora ta kan buhu, abin da na ji daɗinsa a Fabrairu, yanzu toshe mata numfashi ne. Na sa kafinta ya yanko mini ɗan falankin katako da nake ɗora ta a kai, nake kuma sakawa a jaka, a ofis kuma ina ɗaga bayanta da ɗan abu. Sannan a saitin wuta na Windows na bar ta a matsakaici. A can ƙarshen gudu fanka ba ta hutawa, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Ban taɓa ganin ta mutu da kanta ko ta daskare ba. Ga aikin ofis ƙarfinta ya isa har da saura. Wanda zai yi gyaran bidiyo ko zanen gini mai nauyi, wannan ba tasa ba ce, domin ba ta da katin hoto na daban, Iris Xe ɗin da ke cikin firosesa ne kawai. Ƙanina ya gwada haɗa bidiyon walimar makarantarsu a kanta, ta yi, amma ta ɗauki lokaci tana huci.

17 ga Mayu

Maganar caja ta isa a ba ta shafi guda. Ina son in bar caja ɗaya a ofis ɗaya a jaka, sai na sayi wata a kasuwa da aka rubuta wa wat 65. Da na soka, kwamfutar ta nuna saƙon cewa cajar ba ta kai ƙarfin da ake buƙata ba, caji yana tafiya a hankali. Na mayar, mai kayan ya karɓa ba gardama, ya ce shi ma haka aka kawo masa.

Ga abin da ya kamata mai saye ya sani. Caja mai wat 65 ta gaskiya tana ba da bolt 20 da amfiya 3.25, kuma ana rubuta wannan da ƙananan haruffa a jikinta. In ba ka ga 20V ba, ta waya ce, komai girman lambar da ke kan kwali. Igiya ma tana da nata. Igiyar USB-C ta gama-gari amfiya 3 take ɗauka, wato wat 60, abin da ya haura haka sai igiya mai amfiya 5 wadda ke da ɗan guntun lantarki a bakinta. Na samu ƙaramar caja irin ta zamani da ake kira GaN da igiyar da ta dace, ba ta fi cajar waya girma sosai ba, jakar ta ƙara sauƙi.

Na kuma sayi fawa bank mai 20,000mAh wanda ke fitar da wat 65. Lambar tana da girma a ido, amma in aka juya ta wat-awa 74 ce, wani kaso kuma yana tafiya a zafi wajen juya wutar. A aikace yana cika kwamfutar sau ɗaya, ɗan abin da ya rage na waya ne. Wannan ya mayar da awa bakwai ta zama yini guda cur har dare. Nauyinsa ya kusa rabin kilo, don haka ba kullum nake ɗaukarsa ba, sai ranar fita gari. A gida kuwa, da ƙaramin solar da ke kunna fitilu da fanka nake cajinta, ba ta girgiza shi ko kaɗan.

Tsofaffin kwamfutoci masu caja mai zagayen baki ba sa ba da wannan damar. A ganina, ga duk mai aiki inda wuta ba ta tsayawa, caji ta USB-C sharaɗi ne, kafin a zo maganar i5 ko i7.

28 ga Yuni

Ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, fanka ta yi shiru, sai in yini ban ji ta ba. Mun yi zaman rabin shekara bayan Babbar Sallah, na haɗa ta da talabijin ɗin falon Alhaji ta HDMI kai tsaye, ya ga abin da kowace kasuwa ta ci da abin da ta kawo. Ramukanta sun wadatar: USB-C biyu, USB na da guda biyu, HDMI, da na abin sauraro. Firinta da filashi duk suna shiga ba tare da ƙarin kaya ba. Ramin igiyar intanet ne babu, da na katin ƙwaƙwalwa. Na saya wa jakar rigar leda saboda ruwa.

23 ga Agusta

Ma'ajiyar ta kusa cika, saboda na fara ɗaukar hoton kowane rasit da takardar awo ina liƙa su da layinsu a lissafi. Na kai ta wurin mai gyara a Farm Centre aka sa SSD mai terabait 1. Irin M.2 2280 ce, ana samunta ko'ina. Kafin ya kwance sukurori na ce ya shiga BIOS ya kashe batirin ciki, akwai wurin yin hakan a sashen wuta, domin batirin ba irin wanda ake zarewa ta waje ba ne. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka san aikin nan ke nan." Tun da an buɗe, ya busa fankokin, ƙurar da ta fito ba kaɗan ba ce.

A nan ne na ga farashin siranta da idona. RAM ɗin a manne yake da allon ciki, babu ramin ƙari. Yadda ka saye ta haka za ta ƙare. Ni 16 gare ni, ya ishe ni, amma akwai masu 8 da yawa a kasuwa, sun fi araha, kuma wanda ya saya da niyyar zai ƙara daga baya ya makara tun ranar saye. Na roƙi duk wanda zai sayi irin wannan ya buɗe saiti ya ga adadin da idonsa, kada ya tsaya ga takardar da aka liƙa a murfi.

Madannan su ne abin da na fi so a jikinta bayan rashin nauyi. Na shigar da lissafin shekaru da su, yatsuna ba su yi tsami ba. Suna nutsewa milimita 1.5, masu tsofaffin ThinkPad suna cewa na da sun fi zurfi, ni dai waɗannan sun yi mini. Babu ɓangaren lambobi na gefe, wanda ga mai lissafi rashi ne, sai na sayi ɗan ƙarami mai USB na ajiye a ofis. Maɓallin Fn yana zaune a kusurwar da hannu ke neman Ctrl, amma ana musanya aikinsu a BIOS, na musanya tun makon farko. Jan ɗigon nan na tsakiyar madannai, wanda ThinkPad ke ɗauke da shi tun zamanin IBM kafin Lenovo ta sayi sashen kwamfutocinta a 2005, na ɗauka ado ne, sai ga shi a cikin mota mai girgiza ya fi wurin shafa yatsa kama hannu. Na kuma ƙara tsarin rubutun Hausa da ke cikin Windows don sunayen dillalai da garuruwa su fito da ƙ da ɗ da ɓ yadda suke.

18 ga Oktoba

Ranar 14 ga wannan watan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10. Tawa a kan Windows 11 take tun farko, don haka bai shafe ni ba, amma ya shafi sayen da ke gabanmu. Windows 11 tana neman firosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama. A jerin X1 Carbon wannan na nufin daga zubi na 6, na 2018. Zubi na 5 da na ƙasa da shi suna nan cike da shaguna, kamanninsu ɗaya da sababbin, baƙi siriri da jan ɗigo, farashinsu kuma yana jan hankali. Wasu an tura musu Windows 11 ta bayan gida. Ba zan sa kuɗin Alhaji a nan ba.

Kakar riɗi ta fara. Shekaranjiya Alhamis na bi masu saye zuwa Maigatari, ta Gumel, don in ga yadda aikin yaron yake kafin in ce ga abin da ya dace da shi. Mun bar Kano da asuba da batir a cike. A rumfar da muke awo babu soket, babu tebur, benci ne da inuwar buhu. Na yi ta shigar da awo, ina rufe ta in ciniki ya tsaya, ina buɗewa in kaya sun hau sikeli. Hasken a ƙure yake yawancin lokaci. Bayan la'asar ta nemi caji, fawa bank ya karɓa, muka dawo gida da saura. Kafin mu baro kasuwar na tura wa magatakarda lissafin ranar, ya san buhu nawa zai tara wa 'yan dako tun motar ba ta taso ba. Da can sai washegari yake sani.

Yaron ya karɓe ta ya shigar da 'yan layuka, ya ɗaga ta da hannu ɗaya yana jinjinawa, ya ce, "Yaya, wannan ai ko a cikin 'yar jakata za ta shiga."

6 ga Disamba

Hunturu ya shigo da ƙurarsa, zoɓo kuma ya fara sauka, wanda shi ma ƙurar kansa gare shi. Kowace yamma ina goge allo da ƙyalle mai laushi, in bi tsakanin madannai da burushi, in ba na aiki kuma a rufe take cikin jaka. Jikinta baƙi ne mai riƙe shatin yatsa, kusurwoyin murfi biyu sun fara nuna gogewa. Maƙalar murfin tana nan da ƙarfinta, mai karanta zanen yatsa da ke kan maɓallin kunnawa yakan ƙi ni in hannuna ya bushe da sanyi, sai in sa lambar sirri.

Na sake fitar da rahoton batir: wat-awa 47, daga 49 a Fabrairu. Ga batirin da ya ratsa bazarar Kano a ɗakin kwano, wannan ragin bai tayar mini da hankali ba, kuma ina kyautata zaton iyakar kashi 80 ta taimaka. In ya sauka ƙasa da 40 zan nemi sabo. Sauya shi aikin sukurori ne, wahalar ita ce samun na gaskiya.

Na kai wa Alhaji shawarata ranar Laraba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta yi, amma ba iri ɗaya za a saya musu ba." Yaron da ke bin kasuwanni a saya masa irin tawa, mai RAM 16, da sharaɗin batirin ya haura kashi 80, a haɗa masa da fawa bank da falankin katako. Shi nauyi da batir su ne aikinsa. Magatakarda kuwa daga teburinsa ba ya zuwa ko'ina, biyan kuɗin siranta a kansa asara ce. Shi na ba da shawarar ThinkPad T14 zubi na 2, ko HP EliteBook 840 G8. Duka biyun firosesarsu zubi ɗaya ce da tawa, sun ɗan fi nauyi, amma ana ƙara musu RAM, T14 ɗin ma tana da ramin igiyar intanet, wanda zai yi amfani in mun haɗa ofis da sito. Alhaji ya tambaya ko ba za a ji an fifita wani ba. Na ce zan zaunar da su in nuna musu dalili, kuma kuɗin da aka rage a kan ta magatakarda a saya masa babban allo da madannai masu ɓangaren lambobi, waɗanda shi suka fi yi wa amfani.

Ya amince. Mako mai zuwa zan shiga kasuwa da jerin abubuwan dubawa na Fabrairu, in ƙara da duba cajar da za a haɗo da kowace. Daga nan sai babban aikin da ya rage: fayil ɗaya da mu uku za mu riƙa shigar da lissafi a ciki ba tare da wani ya goge na wani ba, da kuma inda za a riƙa ajiye kwafinsa duk ranar Juma'a.